Babur ɗin Kawu da Ba Shi da Birkin Gaba

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi. Muka sallace shi bayan la'asar, kafin magariba mun baro shi a makwancinsa. Na Allah ne, wurin Allah ya koma, mu ma muna nan tafe. Wanda ya san maƙabartun Jidda ya san ba a rubuta suna, ba a kafa allo. In ka koma bayan wata guda, kai da ka sa mutum a kabari da hannunka ba za ka iya nuna wurin ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni da hannuna ya fi sabawa da sifana a kan alƙalami.

Kwana uku aka yi ana karɓar gaisuwa a layinmu na Mahjar. Aka jera kujeru a ƙofar gida, ana zagayawa da gahawa da dabino. Masu walda na unguwar masana'antu suka zo, kana gane su tun daga nesa, idanu jajur, bayan hannu duk tabon wuta. Kowa ya ce "ya haƙuri" sai ya nemi kujera ya yi shiru, don dā ma Kawu ne ke ja musu hira. Rana ta biyu da la'asar sai ga matan nan masu tsintar gwangwani da kwali, sun fi goma, kowace da amalankenta. Suka jera su a bakin layi suka shige wajen Inna, matar Kawu. Wani baƙo ya tambaye ni ko dangi ne. Na ce ya je ya duba ƙafafun amalanken, babu wadda ba ta da waldar Kawu a jiki. Duk Alhamis da yamma yakan ture aikin gabansa ya ce su kawo. Bai taɓa karɓar komai a hannunsu ba, faɗa kawai yake haɗa musu da shi: "Ke, wannan amalanke ce ko tirela? Ki riƙa rage mata kaya mana, baiwar Allah."

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne aminin Kawu, wani dattijo mutumin Cadi, direban tankar ruwa, da duk muke kira Baba. Bai yi kuka ba. Kujera ɗaya ya riƙe kwana ukun nan, carbi a hannu, bai ce wa kowa uffan ba. Sai a rana ta uku, ana shirin kwashe kujeru, ya ɗaga kai ya ce, "To, yanzu wa zan zuba wa ruwa?" Mutane suka dubi juna, suna zaton baƙin ciki ne ya taɓa tsoho. Ni na san abin da yake nufi, kuma maganar ta soke ni.

Babur Kawu ya ƙera da hannunsa, irin na tseren da ake yi a filin ƙasa, ana zagayawa, kullum ta hagu. Ba shi da fitila, ba shi da madubi, ba shi da lamba, ba a hawa titi da shi. Sirdi ɗan siriri, hannuwa masu faɗi, da ƙaramin tanki da ya shafa wa koren fenti. Injinsa ya girme ni. In mahayi ya iso lanƙwasa, sai ya kwantar da babur ɗin ya saki ƙafar hagu ƙasa, tayar baya ta zame gefe, wannan zamewar ita ke rage gudu. Saboda haka ake ɗaura takalmin ƙarfe a ƙafar hagu, a kan takalmin mutum, don ƙafa ta riƙa sulɓi kada ta kafe a ƙasa ta karye. Birki kuwa, ɗan ƙarami ne guda ɗaya a baya. A gaba babu komai.

Yana matashi ya samo shi, lokacin yana walda a wata masana'anta. Wani Bature injiniya ya zo da babur ɗin a akwatin katako, gangar jikin ta karye a jirgin ruwa. Da zai koma ƙasarsu sai ya bar wa Kawu injin, da tayoyi biyu, da hoto guda na wani mutum yana zamewa a lanƙwasa. Babu zane, babu littafi. Kawu ya auna tayar gaske da igiyar awo, ya auna tayar hoton da tsinken ashana, daga nan ya fitar da tsawon kowane bututu, yana karya tsinke yana jerawa a kan hoton. Shekara biyu ya yi yana wannan aiki bayan an tashi daga masana'anta. Inna ta ce a shekarun nan in za ta kunna risho sai ta aika maƙwabta, don Malam, haka take kiran Kawu, ya kakkarye duk ashanar gidan.

Kudu da unguwar Kurayyat, can inda gine-gine suka ƙare, akwai wani faƙon gishiri, filin dangin kafilinsa ne, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takarda, suka ce ya yi abin da yake so da shi. Ya jera tsofaffin tayoyi ya fitar da zagaye. Duk Juma'a bayan asuba Baba zai zo da tankarsa ya yayyafa ruwa, Kawu ya ɗaura tsohon gadon ƙarfe a bayan mota ya ja ya baje ƙasa. Ruwa in ya yi yawa taɓo, in ya yi kaɗan ƙura, kuma su biyun sun fi shekara talatin suna faɗa a kan wannan. Kawu zai durƙusa ya danna ƙasa da babban yatsa ya yi ihu, "Miya ka dafa mini yau!" Baba ya leƙo ta tagar tanka ya ce, "Ka sha mana, kai da ba ka karya ba."

Mahaya ba su taɓa wuce bakwai ko takwas ba, masu walda da direbobi, kuma da yake babur ɗaya ne, da agogo ake tsere. Doka guda ce: wanda ba shi da takalmin ƙarfe ba ya hawa, kuma Kawu kaɗai ke ƙera shi. Zai sa ka taka kwali, ya zana ƙafarka da alli, bayan mako ya miƙo maka. Ba a aro, ba a gado. In ya ba ka takalmi, ya yarda da kai ke nan. Karatunsa kuwa bai wuce kalma uku ba, yana tsaye a bakin fili yana maimaita ta har muryarsa ta dushe: "Idonka a mafita!" Wai wanda ya kalli tayoyin da aka jera, tayoyin zai je ya rungumo.

Hagun nan ta shiga jikinsa har ta zama abin tsokana. Hularsa a karkace take ta hagu. In zai kewaya tebur, ko da ta dama ya fi kusa, ta hagu zai bi. Takalminsa na hagu ke fara cinyewa, har Inna ta tara buhu guda na ƙafar dama zalla, sababbi ƙal, ta rasa wanda za ta ba. In an tsokane shi yakan ce, "Ni ban ga laifin hagu ba. Ku da kuke zuwa Makka kowane wata, ta wane hannu kuke barin Ɗaki in kuna ɗawafi?"

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don in ban faɗa ba labarin bai cika ba. Ni mai gyaran birki ne. Da sana'ata na zo daga Maraɗi, ina da shekara talatin da 'yan kai, Kawu ya tsaya mini har na samu iƙama, wato takardar izinin zama, da wurin aiki. A idona, abin hawa marar birki aiki ne da ba a gama ba. Wata shekara Kawu ya tafi ziyara Madina da Inna, ya bar mini makullin warsharsa, wato garejin da yake aiki. Kullum in na shiga na ga tayar gaban nan tsirara sai raina ya yi ta sosuwa. Na ce tsoho ne, ba ya son nuna gazawa, bari in fitar da shi kunya. Na sayo faifan birki sabo, mai ƙyalli, mai ƙananan huji a zagaye. Na sa aka yi mini waldar mariƙi a ƙafar gaba, na ɗaura hannun birki a dama, na goge komai fes. Na zauna ina jiran sa albarka.

Da ya dawo ya tsaya a kan babur ɗin ya daɗe. Ya sa yatsa ya shafa waldar da aka yi a kan tasa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Kawu. Na ga babu ne."

"Ka ga babu," ya ce. "Ka ga abu babu, sai ka ɗauka mantuwa aka yi. Ka tambaye ni?"

Ya jawo injin yankan ƙarfe ya cire mariƙin a gabana, ya kwance faifan ya jefa ƙarƙashin tebur. Ya miƙo hannu na ba shi makulli.

"Daga yau kada hannunka ya ƙara taɓa shi."

Sai daga baya Baba ya gaya mini dalili. A kan ƙasa mai sulɓi, babur a kwance, in tsoro ya kama mutum hannunsa birkin gaba yake nema. Yana damƙa, tayar gaba ta kife, fuska ta ci ƙasa, wuya ya karye. Shi ya sa ba a sa shi sam, don hannu ya nema ya rasa. Na ji, na gyaɗa kai, amma can ƙasan raina ban daina ganin abin a matsayin ganganci ba. Taurin kai a gidanmu gado ne, ta wajen uwa na samo shi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Kawu bai yi gaba da ni ba. Tare muke cin abinci, shi ya raɗa wa 'yata suna, da na kwanta asibiti shi ya yi jinyata. Amma ran Juma'a aikina riƙe agogo a bakin fili, ina kallon mutanen da suka zo bayana suna karɓar takalmi. Na roƙi gafara ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum amsarsa ɗaya: "Na yafe tun ranar." Sai ya ci gaba da abin da yake yi. Na saka wa raina cewa yafewar baki ce, kuma da wannan ciwon na bi gawarsa.

Kwana biyar da rasuwa, babban ɗansa ya tara mu a falo. Taubashina ne, haifaffen Jidda, yana jin Hausa sarai amma in zai yi ta sai ta riƙa zame masa zuwa Larabci. Tun ranar da na yi ɓarnar nan yake kirana likitan birki. Ya ce warsha da sunan kafili take, an ba mu zuwa ƙarshen wata mu kwashe kaya. Inna kuma, in ta gama takaba, gida za ta koma. Mahayan dā wasu sun tsufa, wasu sun bar ƙasar. Saura babur.

"Dabbab ɗin nan ba takarda, ba lamba," ya ce. "Akwai wani mai gidan gahawa a arewacin gari, ya gani, ya ce zai rataye a bango. Da fitila a sama, da sunan babana a ƙasa, da ruwan zinariya. Ranar Asabar zai turo mota. Khalas, ya jama'a, mene ne ya fi wannan?"

Wallahi maganar sunan ta ja ni. Mutumin da kabarinsa ba shi da alama, ga bango ana tayi. Baba ne ya tambaya yadda za a rataye abu mai nauyi haka. Taubashi ya ce ai za a zubar da mai, a cire kayan cikin injin, ƙwarya kawai ake so.

"Wato a farke shi a cire hanji," Baba ya ce.

"To wa zai hau, ya Ammi? Ni ban taɓa hawa ba, tsoro nake ji, ban ɓoye ba. Wa ya rage?"

Ban san lokacin da na ce "Ni" ba.

Ya dube ni, ya yi dariyar da ba ta mugunta ba. "Kai? Likita, kai da babana ya ce kada ka taɓa? Ina takalminka? Ka san doka. Ni ba zan karya maganar babana ba, yana kwance kwana biyar."

Gaskiya ya faɗa. Na sunkuyar da kai. Sai muka ji muryar Inna daga bayan labule, inda take zaune cikin takaba.

"Ɗan nan, zo ka jawo mini buhun takalman kawunka a ƙarƙashin gado."

Na shiga na jawo buhun ƙafar daman nan da muke yi wa dariya. Ta ce in zazzage. A can ƙasa akwai wani abu nannaɗe a tsohon rawani, mai nauyi. Na warware. Takalmin ƙarfe ne na ƙafar hagu, da maɗaurin fata, ba a taɓa sa shi ba. Na juya tafinsa, sai na ga ƙananan huji a jere, sun yi rabin zagaye, an cike su da walda an goge. Na san hujin nan. Faifan birkina ne, shi ya yanka ya buge ya yi tafin da shi.

"Ka tuna wata ƙaramar Salla da ka zo gaisuwa ka nemi takalminka na hagu ka rasa," Inna ta ce, "har ka tafi gida da silifas ɗin banɗaki, kana zagin karnukan layi? Malam ne karen. Da shi ya yi awo."

Na lissafa. Sallar nan ko wata biyu ba a yi ba da faɗanmu.

"Inna, me ya sa bai ba ni ba? Sau nawa na roƙe shi gafara?"

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce kullum kana zuwa ka ce a yafe maka, ba ka taɓa zuwa ka ce a koya maka ba. Ya ce ranar da ka tambaya yana nan a ajiye." Ta gyara mayafi. "Ku biyun duk jakai ne, Allah ya jiƙan wanda ya riga."

A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye da agogo, abin da ke tsakanina da shi tambaya guda ce, girman kai ya hana ni yi. Na fito falo na ajiye takalmin a gaban taubashina. Ya ɗauka ya jujjuya, ya gane aikin ubansa. Ya ce, "Tayyib. Juma'a. In ka zagaya sau ɗaya, ɗaya bas, ba ka faɗi ba, zan kira mai gahawa in ce ma'alesh, an fasa. In ba haka ba, Asabar mota ta zo."

Ran Juma'a bayan asuba muka ɗora babur a mota muka nufi faƙo. Baba ya riga mu, ya gama yayyafi. Na durƙusa na danna ƙasa da yatsa kamar yadda na ga ana yi, ban san me nake nema ba. Baba ya ce, "Kada ka ce komai, yau daidai na zuba." Na ɗaura takalmin, ya zauna a ƙafata cif. Baba da taubashina suka tura ni, injin ya yi tari sau biyu ya kama, ƙarar ta cika filin.

A lanƙwasar farko tayoyin da aka jera suka taso mini. Yatsun damana suka miƙe da kansu suna neman birki, suka damƙi iska. Na kalli tayoyin, na kuwa je na rungume su. Na tashi baki cike da gishiri, gwiwa ta goge. Taubashi ya rugo da farar jallabiyarsa yana cewa, "Khalas, khalas, ya isa, za ka mutu a banza!" Na ce ai bai faɗi sau nawa zan gwada ba. Karo na biyu na wuce lanƙwasar farko na faɗi a ta biyu. Karo na uku babur ɗin ya mutu a hannuna don tsoro ya sa na saki mai gaba ɗaya. Rana ta fara zafi, ƙasa ta fara bushewa, Baba ya ce ruwan da ya rage na yayyafi ɗaya ne.

Karo na huɗu, ina dosar lanƙwasa, na ji tsohon nan da ya yi kwana uku bai yi magana ba ya ɗaga murya iya ƙarfinsa: "Idonka a mafita!" Na ɗauke ido daga tayoyin na kai shi can inda hanya ta miƙe. Na kwantar da babur, na saki ƙafa. Ƙarfen ya taɓa ƙasa ya yi wani siririn kuka, bayan babur ya zame gefe, gudu ya ragu da kansa ba tare da na damƙi komai ba. Abin da Kawu ya so ya gaya mini ke nan, a ƙafata na ji shi. Na sha lanƙwasa ta biyu haka, a karkace, ba kyan gani, amma a kan taya na dawo inda na tashi.

Baba ya juya baya yana goge fuska da rawani, wai ƙura ce. Taubashina ya ciro waya ya matsa gefe ya yi magana da Larabci, gajeriya. Ya dawo inda muke. Ya buɗe bayan mota ya yago gefen wani kwali, ya shimfiɗa a ƙasa, ya cire takalminsa na hagu ya taka.

"Yalla, likita," ya ce. "Auna ni. Tsoron yana nan, amma auna."

Na ce masa ni ban iya walda ba. Ya ce in koya, masu jajayen idon nan da suka sha gahawarmu kwana uku suna nan, in je in tambaye su. Baba ya laluba aljihun tankarsa ya miƙo mini guntun allin Kawu.

Babur ɗin yanzu yana kusurwar shagona, a tsakiyar fayafayan birki, duk wanda ya shigo sai ya ce, "Usta, wannan ba ka gama shi ba?" Nakan ce ya zauna in gaya masa dalili. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya saka masa da alherin da ya yi wa masu amalanke da wanda ya ɓoye mini a ƙasan buhu. Takalmin taubashina sau uku ina lalata shi, na huɗu yana kan tebur. Baba ya ce Juma'a mai zuwa zai zo da ruwa.